Yadda Ake Sa Tarin Alƙaluma Su Yi Magana: Jagoran Binciken Bayanai da Zane

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin sa ido da tantance ayyuka na ma'aikatar lafiya ya san wannan yanayin. Wata ya ƙare, cibiyoyin lafiya sun aiko da rahoto, an shigar a DHIS2, manhajar da ake tara rahotannin lafiya a cikinta, an sauko da fayil mai nauyi a kwamfuta, sannan shugaba ya leƙo ya ce, "Malam, ina ne matsalarmu take?" Kai kuwa kana kallon layuka dubu ɗari-ɗari, ido na yaji, ba ka da amsa. Alƙaluman suna gabanka, amma sun yi gum.

Binciken bayanai da zane shi ne hanyar buɗe musu baki. Kwamfuta ta yi lissafin da ya fi ƙarfin kan mutum, idon mutum kuma ya gano abin da kwamfuta ba ta san ya kamata ta nema ba, a riƙa kai da komo tsakanin biyun har gaskiya ta fito. Zanen da za ka fara yi na tambaya ne, kuma naka ne kai kaɗai. Na nuna wa mutane yana zuwa daga ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Zan bi da kai ta misali ɗaya: rahoton rigakafin yara na wata-wata daga cibiyoyin lafiya na jiha guda. Mai bin farashin hatsi a Dawanau, ko sakamakon jarrabawar makarantu, ko cinikin kamfani, matakan nan za su yi masa aiki, sunayen kawai zai canza.

Me ya sa ba za a tsaya kan jimilla da matsakaici ba

A 1973 wani masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Francis Anscombe, ya tsara rukunin alƙaluma huɗu, kowanne da ɗigo 11. Idan ka lissafa matsakaicinsu iri ɗaya ne, 9 a ɓangare guda, 7.5 a ɗayan, ƙarfin alaƙar da ke tsakanin ɓangarorin ma ɗaya ne, wajen 0.816. A takarda 'yan huɗu ne masu kama ɗaya. Da aka zana su sai ga na farko ɗigo ne a warwatse kusa da miƙaƙƙen layi, na biyu ya lanƙwashe kamar baka, na uku miƙaƙƙe ne sarai ban da ɗigo ɗaya da ya yi tsalle, na huɗu kuwa duk ɗigon sun jeru a tsaye wuri guda, ɗaya tak da ya yi nisa shi ya ƙirƙiro alaƙar gaba ɗaya. Matsakaici yana haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ya ce kowa ya ci rabin kwano. Jihar da matsakaicin rigakafinta ya yi kyau tana iya ƙunsar mazaɓun da allura ba ta kai ba wata da watanni.

Mataki na farko: rubuta tambayarka da biro

Kafin ka kunna kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake son sani cikin jimla ɗaya, da wanda zai yi aiki da amsar. "Ina son in ga yadda rigakafi yake tafiya" bai isa tambaya ba. Ga wadda ta isa: "A waɗanne mazaɓu ne yara ke karɓar allurar Penta ta farko amma ba sa dawowa ta uku, kuma tun yaushe abin ya fara?" Wannan tambaya ta riga ta gaya maka alƙaluman da za ka ɗauko, matakin da za ka tsaya, da tsawon lokacin da za ka duba.

Ana yi wa jariri Penta, allurar da ke kare shi daga cututtuka biyar, sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14. Lissafin waɗanda suka zube a hanya mai sauƙi ne: cire adadin Penta 3 daga na Penta 1, raba da na Penta 1, ninka da 100. Masu aikin rigakafi sun saba ɗaukar duk abin da ya haura kashi 10 cikin 100 a matsayin alamar matsala. Riƙe wannan ma'aunin, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: san girman kayanka, ka zaɓi abin ɗauka

A ce jiharka tana da cibiyoyi 1,200, ka ɗauko rahoton wata 60, kowane wata da abubuwa 30 da ake ƙirgawa. Layuka 2,160,000 ke nan. Shafin Excel ɗaya kuwa layuka 1,048,576 yake ɗauka, tsohon tsarin fayil na XLS ma 65,536 kacal. Kada ka raina wannan iyaka. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 bai shiga ƙirga ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil, ya cika, sauran suka zube. Saboda haka abu na farko da za ka yi bayan buɗe kowane fayil shi ne ƙirga layukansa ka gwada da adadin da ke tushe.

Idan bayanan ba su kai miliyan ba, Excel da jadawalinsa mai juyawa (pivot table, mai taƙaita alƙaluma rukuni-rukuni) ya wadatar, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ji kunyar amfani da shi ba. Idan sun wuce, Power Query da Power Pivot na cikin Excel ɗin suna iya riƙe miliyoyin layuka ba tare da zuba su a shafi ba. Power BI Desktop kyauta ne a kan Windows kuma yana aiki ko babu intanet. QGIS kyauta ne, shi ne na taswira. Wanda ya iya ɗan rubutun umarni, DuckDB yana karanta fayil mai miliyoyin layuka a kan laftof ta yau da kullum cikin daƙiƙoƙi, Python da R kuma suna zana duk abin da ka ga dama. Gargaɗi ɗaya game da Tableau Public: abin da ka ɗora a shafinsa kowa na iya gani. Bayanan marasa lafiya ba na can ba ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka idan akwai suna, lambar waya ko adireshin mutane a ciki. Cire su tun kafin ka fara.

Shawarata, zaɓi manhajar da za ta yi aiki ranar da babu wuta kuma data ta ƙare. Kayan aikin da sai da intanet mai ƙarfi yake buɗewa zai ba ka kunya a tsakiyar taro a ƙaramar hukuma.

Mataki na uku: tsince tsakuwa

Nan ne mafi yawan lokacinka zai tafi, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. Mai tuwo ba ta zuba gari a tukunya sai ta tankaɗe.

Fara da sunaye. Cibiya ɗaya za ka same ta da rubutu uku: wani ya rubuta Tudun Wada, wani T/Wada, wani Tudunwada. A wurin kwamfuta wurare uku ne. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi haɗari: wurare daban masu suna ɗaya. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai Obi a Binuwai da Obi a Nasarawa, akwai Bassa a Filato da Bassa a Kogi, akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano da wata a Jihar Nasarawa. Unguwanni masu suna Sabon Gari, Tudun Wada ko Unguwar Rimi kuwa ba su ƙirguwa. Idan ka haɗa fayil biyu da suna kawai, alƙaluman wani gari za su faɗa cikin na wani. Yi amfani da lambar shaida. DHIS2 yana ba kowace cibiya lambarta, taswirorin iyakoki da ake saukewa daga dandalin HDX na Majalisar Ɗinkin Duniya ma suna zuwa da lambar kowace jiha da ƙaramar hukuma.

Sai kwanan wata. Kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, alhali mai rubutun 3 ga Afrilu yake nufi. Alamar wannan cuta ita ce ka ga ranakun da suka wuce 12 ga wata sun ƙi zama kwanan wata, sun tsaya a matsayin rubutu. Mayar da komai tsarin shekara, wata, rana.

Na uku, kuma wanda na fi son ka riƙe: sifili daban, gurbin da babu komai daban. Sifili yana nufin an buɗe cibiya, an jira, ba a yi wa yaro ko ɗaya allura ba. Gurbi a wofi yana nufin ba mu sani ba, wataƙila an yi wa yara 80 amma takardar ba ta iso ba. A DHIS2 sau da yawa ba a ajiye sifili sai in an saita cewa yana da muhimmanci, don haka biyun suna cakuɗewa. Na taɓa cike duk guraben wofi da sifili don zane ya fito sumul, sai wata mazaɓa ta bayyana kamar rigakafi ya durƙushe a cikinta wata huɗu. Har an fara maganar tura tawaga, sannan muka gano ma'aikaciyar da ke haɗa rahoton ce ta tafi hutun haihuwa, rajistar tana nan cike da sunayen yara. Tun ranar, kafin in zana adadin allura, sai na fara zana adadin cibiyoyin da suka kawo rahoto a kowane wata.

Duk gyaran da ka yi, rubuta shi a wani shafi daban, kuma kada ka taɓa ainihin fayil ɗin da ka sauko. Yi aiki a kan kwafi.

Mataki na huɗu: hangi dajin daga sama

A 1996 Ben Shneiderman na Jami'ar Maryland ya tsara ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi har yau: fara da hangen gaba ɗaya, sannan ka matso ka tace, sannan ka buɗe bayanin abu guda idan bukata ta taso. Zane uku nake fara yi, a jere.

Na farko zanen layi: watanni a kwance, jimillar Penta 1 da Penta 3 na jiha a tsaye, layi biyu. Kana neman hawa da sauka, da ratar da ke tsakanin layukan, da duk inda aka yi faɗuwar ba-zata. Ka sa aƙalla shekara uku, domin abin da ke maimaita kansa kowace shekara yanayi ne. Idan adadi yana sauka duk Agusta, tuna damina: hanyoyi sun yanke, iyaye suna gona. Idan saukar tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, duba kalandar Musulunci, mai yiwuwa azumi ne ko sallah. Manhaja ba ta san wannan ba, kai ka sani, kuma shi ya sa ake bukatar mutumin wurin a gaban allo.

Na biyu zanen tsibi. A raba cibiyoyi gida-gida bisa yawan yaran da suke yi wa allura a wata: masu 0 zuwa 20, masu 21 zuwa 40, haka har sama, a ga tsayin kowane tsibi. Kusan kullum za ka ga cibiyoyi da yawa ƙanana da 'yan manyan asibitoci masu jan jela zuwa dama. Wannan siffa tana gaya maka cewa matsakaici zai ruɗe ka, gara ka yi amfani da adadin tsakiya, wato na cibiyar da ke tsakiyar layi idan an jera su daga ƙarama zuwa babba.

Na uku shi ne wanda nake kira tabarmar launi, kuma a ganina babu zanen da ya kai shi amfani ga irin wannan bayani. Kowace cibiya layi ɗaya a kwance, kowane wata gurbi ɗaya a tsaye, launin gurbin yana duhu gwargwadon yawan adadin, inda babu rahoto a bar shi fari. Cibiyoyi ɗaruruwa da watanni 60 suna shiga allo ɗaya. Farin zare da ya sauko daga sama har ƙasa yana nufin wani abu ya sami kowa a wata guda: yajin aiki, ƙarewar allura a ma'ajiyar jiha, ko sauya fom ɗin rahoto. Farin zare a kwance cibiya ce da ta daina magana. Layin da launinsa bai taɓa motsi ba wata 20 a jere shi ma abin tuhuma ne, domin haihuwa ba ta zuwa daidai wa daida kowane wata, mai yiwuwa ana kwafe adadin watan jiya ne. Jera cibiyoyin bisa ƙaramar hukuma, za ka ga facin fari ya taru wuri guda idan matsalar ta yanki ce.

Mataki na biyar: matso kusa, ka tace

Yanzu koma kan tambayarka. Lissafa kason waɗanda suka zube ga kowace ƙaramar hukuma, ka yi zanen sanduna a kwance, a jere daga mafi muni zuwa mafi kyau, ka ja siririn layi a kan kashi 10. Kada ka jera bisa haruffa, jerin haruffa ba ya ba da labari. Sanduna kuma dole su tashi daga sifili, in ba haka ba bambancin 62 da 65 zai yi kama da na tudu da dutse.

Guji zanen da'ira mai yanka-yanka kamar kankana idan yankan ya wuce uku ko huɗu. Binciken da William Cleveland da Robert McGill suka wallafa a 1984 ya nuna cewa idon mutum ya fi iya gwada matsayi a kan ma'auni ɗaya fiye da gwada kusurwa ko faɗi. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Ka yi tunanin kankana mai yanka 44.

Idan kana son ganin tafiyar kowace ƙaramar hukuma cikin lokaci, kada ka tara layuka 44 a zane ɗaya, za su zama taliya. Yi ƙananan zane 44 a jere kamar tagogi, kowanne da layinsa, duka a kan ma'auni ɗaya. Ido zai zagaya ya tsaya da kansa kan wanda ya bambanta.

A Power BI da makamantansa, amfanin da ya fi girma shi ne haɗa zane da zane. Ka danna sandar ƙaramar hukuma ɗaya, tabarmar launi ta rage zuwa cibiyoyinta kaɗai, zanen layi ya koma nata, taswira ta haska ta. Da haka kake gangarowa daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa cibiya. Kowace gangara ka tambayi kanka: abin da na gani a sama yana nan a ƙasa? Wani lokaci ba ya nan. Ƙaramar hukuma tana iya yin ja saboda manyan cibiyoyi biyu kawai, sauran 30 lafiya lau. Wani lokaci ma abin yana juyewa gaba ɗaya idan an rarraba. Sanannen misali shi ne na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley a 1973, inda jimilla ta nuna an fi ɗaukar maza karatun gaba da digiri, amma da aka duba sashe-sashe sai aka ga mata sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ga kowa, kuma a yawancin sassan ba a fifita maza ba.

Mataki na shida: taswira, da tarkunan da ke cikinta

Kowa yana son taswira, shugabanni ma sun fi kowa. Tana da amfani na gaske. Lokacin yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, an ba tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS, aka ɗora sawunsu a kan hotunan tauraron ɗan Adam, sai ga rugage da ƙauyukan da taswirorin hannu ba su taɓa sanya su ba, ga kuma unguwannin da aka ce an shiga alhali sawu bai nuna ba. Wannan na cikin ayyukan da suka kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Shirin GRID3 yana ba da iyakokin mazaɓu, wuraren cibiyoyin lafiya da matsugunan jama'a na Najeriya, kana iya saukewa ka buɗe a QGIS.

Tarko na farko: kada ka shafa wa yanki launi da ɗanyen adadi. Inda mutane suka fi yawa komai zai fi yawa, taswirarka za ta zama ta yawan jama'a kawai. Yi amfani da kaso.

Na biyu: faɗin ƙasa yana cinye ido. Dala, Fagge, Gwale da Tarauni ƙanana ne a taswirar Kano, da ƙyar ake ganinsu, amma cike suke da jama'a. Ƙananan hukumomin kudu irin su Doguwa da Tudun Wada sun mamaye takarda. Idan su suka yi ja, mai kallo zai ɗauka rabin jiha ya kama wuta. Ajiye zanen sanduna a gefen taswira, ko ka ɗora da'irori masu girma gwargwadon yawan yara.

Na uku, abin rabawa, wato adadin yaran da ake rabawa da shi don a sami kaso. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, duk adadin yaran da ake sa ran samu a mazaɓa ƙiyasi ne da aka ɗora a kanta. Shi ya sa za ka ga wata mazaɓa ta yi wa kashi 140 cikin 100 na yaranta allura, maƙwabciyarta kashi 40. Sau da yawa iyaye ne ke tsallaka iyaka zuwa asibitin da ya fi kusa ko wanda ke gefen kasuwa, ko 'yan gudun hijira sun ƙaru, ko 'yan cin rani sun tafi. A garuruwan kan iyaka kamar Jibiya ko Illela, mutanen ƙetare ma suna cikin masu zuwa. Wannan ne dalilin da ya sa na zaɓi lissafin waɗanda suka zube tun farko: yana gwada Penta 3 da Penta 1, ba ruwansa da ƙiyasin jama'a. Shi ma yana da nasa rauni, domin yaron da ya fara a wata cibiya ya ƙarasa a wata zai sa ta farko ta yi muni, ta biyu ta fito da adadi ƙasa da sifili. Idan ka ga cibiyoyi biyu maƙwabta a haka, haɗa su ka sake lissafi.

Game da launi, ɗauki launi ɗaya daga haske zuwa duhu. Ja da kore tare suna wahalar da masu matsalar bambance launi, waɗanda galibinsu maza ne, kuma idan an buga a firinta mai baƙi da fari duk sun zama toka. Gidajen launi biyar sun isa.

Mataki na bakwai: bi saniyar ware har gida

Yi zanen ɗigo-ɗigo: kowace cibiya ɗigo ɗaya, yawan yaran Penta 1 a kwance, kason waɗanda suka zube a tsaye. Za ka ga siffa kamar mazurari. A hagu, wajen ƙananan cibiyoyi, ɗigo sun watsu sama da ƙasa; a dama, wajen manya, sun matse. Dalilin a fili yake: cibiyar da ta yi wa yara 6 allurar farko, idan 3 ba su dawo ba, kashi 50 ke nan, alhali iyali biyu ne kawai suka yi tafiya. Kada ka tayar da hankalin kowa saboda ita. Tara mata wata 12 wuri ɗaya kafin ka yanke hukunci. Ɗigon da ya cancanci ka bi shi ne wanda ke dama kuma a sama: cibiya mai yara ɗaruruwa da kashi 30 ke zubewa.

Idan ka same shi, aikin kwamfuta ya tsaya nan. Ɗauki waya, ko ka hau babur. Ana yawan ba da labarin likita John Snow da taswirarsa ta kwalara a unguwar Soho ta Landan a 1854 kamar taswirar ce ta yi komai. Amma sai da ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, yana zargin wani famfo da ke titin Broad. Abin da ya ƙarfafa hujjarsa su ne waɗanda suka saɓa wa tsarin: ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin Broad ɗin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon kuma cutar ba ta kama su ba, da wata mata a Hampstead mai nisa da ta mutu, aka gano ana kai mata ruwan wannan famfon saboda tana son ɗanɗanonsa. An cire hannun famfon a watan Satumba na shekarar, taswirar kuma daga baya aka buga ta.

Kai ma je ka buɗe rajistar cibiyar, ka ƙirga sunaye ka gwada da abin da aka shigar. Tambayi mai kula da wurin cikin girmamawa, domin ita ta san abin da allonka bai sani ba. Za ka iya jin cewa firjin ajiye allura ya lalace tun watan Maris, ko ranar rigakafi ta faɗa ranar kasuwa, ko an rubuta 410 a maimakon 41. Kowace amsa gyaranta daban, kuma ɗaya daga cikinsu gyaran fayil ne kawai.

Ka kuma yi hattara da ɗora dalili a kan abubuwa biyu don sun tafi tare. Mazaɓun da rigakafi ya yi ƙasa suna iya zama su ne masu ƙarancin makarantu, amma mai yiwuwa nisa daga titi ne ya haifar da duka biyun. Wanda ya yanka bayanai ta hanya 50 dole ya ci karo da wani abin mamaki ko da babu komai. Idan ka gano wani tsari a alƙaluman 2022, duba ko yana nan a 2023 kafin ka kai shi gaban kowa.

Mataki na takwas: zanen da za ka kai taro

Cikin zane 40 da ka yi wa kanka, biyu ko uku ne za su fita. Kan kowanne rubuta abin da ka gano a cikakkiyar jimla, misali "Mazaɓu 9 ne ke ɗauke da rabin yaran da ba su dawo Penta 3 ba", maimakon "Penta 3 bisa mazaɓa". Shafa wa waɗannan taran launi mai ƙarfi, sauran su zama toka. Rubuta suna a jikin sanda ko layi kai tsaye don kada mai kallo ya riƙa neman ma'anar launi a gefe. A ƙasa sa tushen bayanan, watannin da suka ƙunsa, ranar da ka sauko da su, da kason cibiyoyin da suka kawo rahoto.

Yawancin waɗanda za ka aika wa a waya za su buɗe, ta WhatsApp. Tura wa kanka hoton ka duba ko rubutun yana karantuwa ba tare da an ja shi da yatsa ba. Idan hakimai, masu unguwanni da malamai ne za su zauna a taron, rubuta komai da Hausa, kuma ka faɗi adadin yara tare da kaso: "yara 312 a mazaɓar nan" yana sa mai unguwa ya fara lissafa gidaje a ransa.

Kafin ka rufe kwamfuta, ajiye matakan tsaftacewar a Power Query ko a fayil ɗin umarninka, tare da jerin sunayen da ka daidaita da lambobinsu. Wata mai zuwa sabon fayil kawai za ka zuba ka danna sabuntawa, sannan ka fara da ƙirga layuka da duba cibiyoyin da ba su kawo rahoto ba.